Wayar Haske ko ta Jan Ƙarfe? Amsar Wasiƙunku kan Haɗa Na'urar Faifai da Konbata

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, shi ya sa na tara su wuri guda. Ta farko za ta fi cin fili, domin amsarta ce sauran suka dogara a kai.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Yayana da ke Legas ya aiko mini da kayan sauti na gwanjo guda biyu. Ɗaya faifan CD kawai take juyawa, ba ta da inda za a haɗa ta da amfilifaya. Ɗayar ƙaramin akwati ce, an rubuta DAC a gabanta. A bayan kowace akwai ramuka uku, an rubuta COAXIAL, OPTICAL da AES/EBU. Na je kasuwar Sabon Gari, wani mai shago ya fito mini da waya mai kai ruwan zinare, ya ce in ban sa ita ba na yi asarar kayan. Kuɗinta ya firgita ni. Abokina kuma ya ce zancen banza ne, lamba lamba ce, duk wayar da na samu in sa. Wa zan bi? (Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya)

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, abokinka ya fi mai shagon kusa da gaskiya, sai dai shi ma bai ƙarasa ta ba. Bari mu fara da abin da ke tafiya a cikin wayar, in ka gane shi sauran mai sauƙi ne.

Faifan CD ba sauti ne a kansa ba, lambobi ne. Kamfanonin Sony da Philips ne suka tsara shi a 1980, ya shiga kasuwa a 1982, kuma har yau tsarin bai canza ba: ana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, a rubuta kowane awo da ɗigon lamba 16, na kunnen dama daban na hagu daban. In ka ninka za ka samu ɗigo 1,411,200 a daƙiƙa. Na'urarka ta farko aikinta ta karanto waɗannan lambobi, ta gyara kuren da ƙarcewar faifai ya jawo, ta turo su waje. Ta biyun, wadda aka rubuta wa DAC, ita ake kira konbata, ita ce ke mayar da su wutar da amfilifaya za ta iya ƙarfafawa har lasifika ta yi magana. A rediyon CD na gida duk aikin biyu a cikin akwati ɗaya ake yi. Naka an raba su, shi ya sa maganar waya ta taso.

Ramukan uku da ka gani duk saƙo ɗaya suke ɗauka, hanyar ce ta bambanta. COAXIAL wayar jan ƙarfe ce mai zare ɗaya a tsakiya da raga a kewaye, an tsara ta a kan om 75 (om ma'auni ne na yadda waya ke turje wa wuta), wutar da ke bi ta ciki kuwa kusan rabin bolt ce kawai. OPTICAL ba ƙarfe a cikinta ko kaɗan, zaren roba ne mai kaurin milimita ɗaya da jan haske ke bi ta ciki yana ƙyaftawa. Kamfanin Toshiba ne ya fito da ita a 1983, shi ya sa za ka ga wani wurin an rubuta TOSLINK. AES/EBU kuma ta 'yan situdiyo da gidajen rediyo ce, tun 1985 take, tana da filogi mai haƙora uku irin na makirufo, om 110, wutarta daga bolt 2 zuwa 7.

Inda abokinka ya yi gaskiya shi ne, muddin wayar lafiyayya ce, lambar da ta shiga ita ce za ta fita. Faifan CD bai cika ko rabin abin da wayar haske ke iya ɗauka ba, balle ta jan ƙarfe. In kuma waya ta lalace har lamba ta ɓace, ba a sake turo ta, domin hanyar gaba kawai take tafiya. Abin da za ka ji shi ne ƙas-ƙas, ko sautin ya ɗauke ya dawo. Ba za ka ji ganga ta rage kauri ko muryar mawaƙi ta dusashe ba. Duk wanda ya ce maka wayarsa tana ƙara wa ganga nauyi, ka tambaye shi wace lamba ce ta canza.

Inda ya bari kuma shi ne maganar lokaci. Konbata ba lambobin kawai take buƙata ba, tana buƙatar ta saki kowace a daidai lokacinta, sau 44,100 a daƙiƙa, ba gaggawa ba jinkiri. Kamar makaɗin kalangu ne da bai tsallake bugu ko ɗaya ba, amma hannunsa yana ɗan riga ko ya ɗan makara: kiɗan yana nan cif, mai rawa ne zai san da matsala. To a waɗannan hanyoyi uku ba a ware wa agogo waya tasa ba, an cusa shi ne a cikin lambobin, konbata ta tsamo shi daga yadda wutar ke hawa da sauka. In gefen hawan da saukan ya ɗan gurɓata a hanya, agogon da aka tsamo sai ya riƙa ɗan rawa. Wannan rawar agogo gaskiya ce, ana auna ta da na'ura, kuma a awo wayar haske takan fi ta jan ƙarfe yawanta, saboda ƙwan da ke kunna hasken da idon da ke karɓarsa ba su kai waya saurin amsawa ba. Daga nan ne maganar "ta jan ƙarfe ta fi" ta samo asali, kuma a konbatocin farkon shekarun 1990 maganar tana da ƙafa. Amma masu ƙera konbata ba barci suke ba. Yawancin na baya-bayan nan sukan tara lambobin a ɗan rumbu, su sake jera su da agogon kansu, ko su tace rawar har ta koma ƙasa da abin da kunne ke kamawa. Saboda haka ka duba shekarun konbatarka. In tsohuwa ce sosai, ta jan ƙarfe tana da ɗan rinjaye. In ba ta tsufa ba, rinjayen ya zama na takarda.

Ni dai ga abin da nake gaya wa duk wanda ya shigo shagona da wannan tambaya: a Zariya wutar gidanka ce ke zaɓa maka waya. Wutarmu bolt 230 ce mai juyi 50 a daƙiƙa, amma gida nawa ne a cikin birni ko Tudun Wada aka ja wa wayar ƙasa ta gaskiya, aka kafa mata ƙarfe a ƙasa? Da yawa waya biyu ce kawai ta shiga soket, rami na uku ado ne. Ga janareto, ga inbata, ga firji da injin jan ruwa a kan layi ɗaya. Wayar jan ƙarfe tana haɗa jikin na'urar farko da jikin ta biyu ta ragar nan, duk dattin wutar da ke jikin ɗaya yana iya bi ya shiga ɗayar, sai dai in mai ƙerawa ya sa ɗan taransifoma a bakin ramin, kuma ba kowa ke sawa ba. Ka tuna rabin bolt ce kawai ke ɗauke da saƙon. Shi ya sa a wasu gidaje da firji ya tashi sai karatu ko waƙa ta yanke na ƙiftawar ido. Wayar haske ba ruwanta da wannan, domin wuta ba ta bin roba.

To ga yadda za ka yi. In na'urorin biyu suna kan tebur ɗaya, a soket ɗaya, ba abin da ya haɗa su da talabijin ko dikoda, fara da COAXIAL. Kar ka sayi mai kai ruwan zinaren. Wayar bidiyo mai filogi ruwan ɗorawa da ke zuwa da DVD, ita ma a kan om 75 aka tsara ta, kuma a tsawon mita ɗaya tana aikin. In kana son wadda ta fi ta ƙwari, je wurin masu ɗaura dish ka ce su yanko maka mita ɗaya ko ɗaya da rabi na wayar dish, wadda aka rubuta RG-6 a jikinta. Om 75 ce cif, kuma an yi ta ne don ɗaukar abin da ya fi saƙon CD sauri nesa ba kusa ba. Su sa mata kai mai murɗawa irin na dikoda a kowane gefe, sai ka sayi ɗan adafta mai mayar da shi filogin RCA, wato irin na wayar bidiyon nan. Kar ka bari a ce za a yi mata dalma, ragar yawancinsu alminiyom ce, ba ta kama dalma. Aibinta ɗaya, tana da tauri, in ka bar ta tana rataye za ta riƙa jan ramin har ya saki daga allon ciki. Ka tallafe ta da wani abu. Ruwan zinaren da ake yi wa filogi amfaninsa hana tsatsa ne kawai, kuma filogin RCA kansa, mai tsada da mai araha, siffarsa ba ta ba shi damar zama om 75 daidai. Wani filogi mai murɗawa daban da na dikoda, wanda ake kira BNC, shi ne ke cika wannan ƙa'ida, in kayanka suna da shi.

In ka ji ƙugi, ko yankewa lokacin da wani abu ya tashi a gidan, ko jikin na'urar yana ɗan jan hannu in ka taɓa, koma OPTICAL ka huta. Jan hannun kuma ka kira mai gyaran wuta ya duba, wannan ya wuce maganar daɗin sauti.

Kana iya gwadawa da kunnenka, kuma gwajin nan yana da adalci fiye da yawancin gwaje-gwajen kayan sauti, tunda konbata ɗaya ce, ƙarfin sautin ba zai bambanta ba. Haɗa wayoyin biyu, ka juya baya, ka sa yaro ya riƙa canza mashiga ba tare da ya gaya maka wacce ya danna ba, kai kuma kana faɗa yana rubutawa. Ku yi ta maimaitawa. Mutane da yawa da suka rantse suna jin bambanci, da an rufe musu ido sai lissafi ya rikice. In ka gama ka zaɓi ta haske, ka cire ta jan ƙarfen gaba ɗaya. In ka bar ta a maƙale, jikin na'urorin yana nan a haɗe, ka rasa abin da ya sa ka zaɓi hasken.

AES/EBU kuwa, in ka samu wayarta cikin sauƙi ka sa, ba laifi, hanya ce mai ƙarfi. Amma a tazarar taku ɗaya ba za ta ba ka abin da sauran suka hana ka ba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Maigidana ya haɗa DVD da konbata da wayar jan ƙarfe, sautin yana fita ta manyan lasifiku. Amma akwai wani ƙugi da ba ya tsayawa, ko ba a sa faifai ba. Mun canza wayar har sau biyu. Abin mamaki, ranar da aka cire wayar dish don gyara, ƙugin ya ɗauke. (Wata malama daga Samaru)

AMSA: Malama, ai kin riga kin kama ɓarawon da kanki. Ragar wayar dish tana haɗe da jikin dikoda, dikoda tana haɗe da talabijin, talabijin da DVD, DVD da konbata, konbata da amfilifaya. Dish yana can kan rufi ko jikin katanga, amfilifaya tana nan a soket ɗin falo, kuma "ƙasan" da kowannensu yake gani ba ɗaya ba ne. Wannan ɗan bambanci shi ke tura wuta ta zagaya ta cikin ragogin wayoyin, ku kuma ku ji ta a matsayin ƙugi mai juyi 50 na wutar gari. Ba a cikin lambobin ƙugin yake ba, shi ya sa canza waya bai yi magani ba, kuma ko ta nawa kuka saya haka za ta yi. Sai an yanke zagayen.

Ki duba bayan DVD ɗin, in akwai OPTICAL ku koma can. In babu, yawancin talabijin na yanzu suna da shi a baya, sai ku ɗauki sautin daga talabijin zuwa konbata. In duk babu, akwai ɗan akwati da ke karɓar ta jan ƙarfe ya fitar da haske, yana cin wuta bolt 5 irin ta cajar waya.

Akwai wata riba da za ku samu da damina. Kin san yadda tsawa take a Zariya daga Mayu zuwa Satumba. Abin da na fi gani ana kawo mini bayan ruwan dare shi ne dikoda da talabijin da duk abin da waya ta haɗa da su. Zaren roba yana raba kayan sautinku da wannan layi. Amma kar ki ɗauka kariya ce gaba ɗaya, tsawa tana iya shigowa ta soket. In hadari ya haɗu sosai, cire filogi shi ne magani.

Wayar haske tana da nata sharuɗɗa. Ba ta son a lanƙwasa ta sosai ko a ɗora mata ƙafar kujera, zaren yana tsagewa a ciki ba tare da an gani a waje ba. Sabuwa takan zo da 'yar hular roba a kowane kai, a cire kafin a sa. Ana kawo mini kaya a ce sun mutu alhali hular ce ba a cire ba. Filogin ta fuska ɗaya yake shiga, in ya zauna za ki ji ɗan ƙas. Kar ta wuce mita 5 in da hali, iyakarta wajen 10. Sai kuma ƙurar hunturu: duk ramin hasken da ba a amfani da shi a toshe shi da murfinsa, wanda ake amfani da shi kuma in sauti ya fara yankewa a watan Janairu, a zare a goge kan da ƙyalle mai laushi kafin a zargi na'ura. In kina son ki san ko wayar na da rai, sa kai ɗaya a DVD, ki duba ɗaya kan, za ki ga jan haske.

TAMBAYA: Yaya, ni ɗalibi ne, ba ni da kuɗin na'urar CD ta musamman. Na haɗa tsohon DVD da konbata. Faifan waƙa yana yi lafiya, amma da na sa fim sai wata ƙara shuuu mai tsanani ta fito, na yi sauri na kashe. Konbatar ce ta lalace? (Daga Kongo)

AMSA: Ƙanena, ba abin da ya lalace, kuma ka kyauta da ka kashe da wuri, irin wannan ƙara tana iya ƙona ƙaramar lasifika mai fitar da siririn sauti. Faifan fim yakan ɗauki sauti a dunƙule, Dolby Digital ko DTS, wanda aka yi don na'urar da ke warware shi zuwa lasifiku biyar da ta ganga. Konbatarka ta kunne biyu ce, ba ta san wannan ba. Wata takan yi shiru, wata ta ɗauka sauti ne ta fitar da shi yadda ya zo. Ɗauki rimot ka shiga wurin saitin sauti, inda aka rubuta Bitstream ko RAW ka mayar da shi PCM, wato sautin da ba a dunƙule ba, irin na CD. In faifan yana da zaɓin DTS a jerin sautinsa, zaɓi ɗayan, domin ba kowane DVD ke iya warware shi ba. Haka za ka yi wa talabijin in daga shi kake ɗauka. Kar ka yi mamaki in konbatar ta nuna 48 a fim, 44.1 a CD, haka aka yi su.

Kuma kar ka raina DVD ɗinka. Lambar da zai karanto daga faifai mai kyau ita ce mai tsada zai karanto.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, muna da ɗakin taro, na'urar faifai tana ɗakin mai kula da sauti, konbata da amfilifaya suna can gaba kusa da dandamali, tazarar ta kai mita 30. Wace waya za mu ja? Muna da ragowar wayar makirufo da yawa. (Wani Alhaji daga PZ)

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara girma. A nan ne AES/EBU ke nuna amfaninta, don irin wannan aka yi ta, tana kai mita 100. Zare biyu ne a murɗe suke ɗauke da saƙon, ɗaya kishiyar ɗaya, duk dattin da ya shiga a hanya ya shiga su daidai, sai ya soke kansa a wurin karɓa. Wayar haske ta roba ba za ta kai ba, ta jan ƙarfe mai rabin bolt kuma an fi amincewa da ita a ƙasa da mita 10.

Wayar makirufo filoginta ɗaya da ta AES/EBU, kuma a mita biyu ko uku takan yi aiki. A mita 30 ban ba ku shawara ba, domin ba a kan om 110 aka yi ta ba, saƙon yana dukan ƙarshen waya ya dawo ya gurɓata na bayansa, sai ku wayi gari sauti yana yankewa ana tsakiyar taro. Ku nemi wadda aka rubuta 110 a jikinta. In ba a samu a Zariya ba, masu kayan situdiyo a Kaduna ko Kano za a tambaya. Ku kuma ja kunnen yaran da ke haɗa kaya: ramin AES/EBU kamarsa ɗaya da na makirufo a jikin mikisa, in aka soka wayar a mikisa ƙara ce za ta fito, ba sauti ba. Ku naɗa wa kan wayar jan salatif.

In ɗaya daga cikin na'urorin ba ta da wannan rami, mafi sauƙi ku ɗauko konbatar ku ajiye ta kusa da na'urar faifai, ku haɗa su da gajeruwar waya, sannan ku ja sautin zuwa gaba da wayar makirufon da kuke da ita, in konbatar tana da mafita mai haƙora uku.

TAMBAYA: A bayan konbatata akwai rami irin na HDMI, an rubuta I2S. Na haɗa shi da DVD, shiru. (Daga Wusasa)

AMSA: Zare shi, Malam. Filogin ne kawai na HDMI, abin da ke ciki daban ne. I2S tsari ne da Philips ya fitar a 1986 don ƙananan sassa su yi magana da juna a cikin akwati ɗaya, agogo da zarensa, lambobi da nasu. Wasu kamfanoni sun fito da shi waje suka ari filogin HDMI, amma ba su haɗu a kan wane haƙori ke ɗaukar me ba, shi ya sa ko na'urori biyu masu I2S ba lallai su fahimci juna ba in ba kamfani ɗaya ya yi su ba. Ramin HDMI na DVD da na talabijin kuwa ba su san shi ba sam. Yi amfani da COAXIAL ko OPTICAL, wancan ramin ka rufe shi da salatif saboda ƙura.